Auta Ta Ɗora Kaka a Sitiyari

Ƙanwata tana koyar da tuƙin mota. In na faɗi haka a cikin mutane sai a dube ni, a ce, "Ƙanenki dai?" Sai in ce a'a, ƙanwata, autarmu, wadda in kun gan ta tsaye a jikin mota za ku ɗauka aiko ta aka yi ta kira direba. Ba ta da tsawo, ba ta da murya, gaisuwarta kuwa har ƙasa. Mai gadin layinmu ya taɓa cewa tun da ya kama aiki bai ga yarinya mai ladabi irinta ba. Mama na ji ta ce, "Allah ya bar ka da lafiyarka, ba ka zauna da ita ba ne."

Ladabin na gaske ne, ba na ganin ido ba. Sai dai tun tana ƙarama Auta ta gano cewa kowace maganar manya tana da ƙofar baya. Wata rana, lokacin ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba, Mama za ta fita ta ce mata, "Kada in dawo in ji kin taka bakin ƙofar nan." Auta ta ce, "To." Mama ta dawo ta tarar da ita a gidan maƙwabta tana wasan 'yar tsana. Ta taga ta fita. Da aka kamo ta sai ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta ce da 'yar muryarta, "Mama, ƙofa kika ce." Mama ta ɗaga takalmi, dariya ta ƙwace mata, takalmin ya faɗi. Tun daga ranar duk wanda zai ba Auta umarni a gidanmu sai ya zauna ya tsara shi kamar lauya.

Ba ta ƙarya, wannan kowa shaida ne. Ita ce kuma mai tuna lokacin maganin Baba, ita ce mai yanke wa Kaka farce, ita ce ta san wanda ya yi fushi bai faɗa ba. Abu ɗaya ne ba ta jurewa, wato a zauna a yanke wa mutum yadda zai yi alhali yana wurin, da bakinsa.

Baba akanta ne, kuma burinsa a duniya a ce ɗaya daga cikinmu ta gaje shi. Ni na zille da wuri na tafi koyarwa, sai igiyar ta faɗa wuyan Auta. Ta ce to. Ta yi karatun, ta ci jarrabawa da kyau, ta kai takardar shaidar aka saka mata a gilashi, ta kawo wa Baba a falo ta durƙusa ta miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ga naka," in ji ta. "Saura nawa."

Baba ya ɗauka ƙarin karatu take nufi, har ya fara sa mata albarka. Ashe "nata" wata makarantar koyon tuƙi ce da ke bayan tashar bas, inda ta riga ta yi gwaji aka ɗauke ta. Ya yi kwanaki yana amsa gaisuwarta da hanci. Ita kuwa ba ta fasa kawo masa shayi ba, ba ta fasa goge masa takalmi ba, ba ta kuma fasa fita aiki ba. Da ya ga fushin ba ya kama komai sai ya ajiye shi, ya rataye takardar a bango saitin ƙofa, yadda duk baƙon da ya shigo zai fara cin karo da ita.

Makarantar ɗaki ɗaya ce tsakanin shagon mai gyaran waya da na mai hoto. Akwai tebur, da fanka mai kuka, da allon alamomin titi da rana ta cinye har jan ya koma ruwan hoda. A baya akwai fili da aka jera tsofaffin tayoyi da ganguna, nan ake fara koyo kafin a hau titi. Mai makarantar tsohon direban bas ne, kowa na kiransa Oga. Malamai biyu ne, Auta da wani siririn mutum marar magana da ake kira Dogo. Motar Auta 'yar fara ce, gaba da baya an manna mata jar alamar ɗan koyo, kuma akwai birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, saboda tsaro. Mata suka fi zuwa wurinta, da mazan da suka gaji da tsawa, domin ita ko ganga ka ture sai ta ce, "Madalla, yanzu ka san inda take."

Kakarmu ta wajen uba tana zaune a gidan babban ɗanta, yayan Baba, wanda muke kira Baba Babba. Yana sayar da kayan gini, kuma mutum ne mai zuciya a kusa. Kaka a zamaninta tela ce mai shago da mata huɗu a ƙarƙashinta. Ta haura saba'in amma zare ba ya gagarar ta in ta saka tabarau. Wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki ta bugu a ƙugu. Ta warke, amma 'ya'yanta ba su warke ba. Aka ɗauke keken ɗinkin aka kai sito, wai yana gajiyar da ita. Aka hana ta shiga kicin. Aka janye gishiri, aka janye sukari, aka shimfiɗa roba a ko'ina. In ta miƙe za ta ɗauko ruwa mutum uku ke tashi. In ta ce za ta je gaishe da ƙawarta sai a ce bari a ga ranar da direba ke da sarari. Ƙauna ce tsagwaronta, ba wanda zai musa, amma Kaka ta koma kamar kwanon tangaran a cikin kabad, ana goge shi kullum ba a ci a cikinsa.

Da likita ya ce lallai ta riƙa motsa ƙafa, Baba Babba ya kira Auta. Ya san halinta, don haka ya tsara maganar a hankali.

"Sau biyu a mako za ki ɗauke ta. Ki kai ta inda babu cunkoso. Ta motsa ƙafa. Ki dawo da ita kafin rana ta yi zafi. Kada ki bar ta ita kaɗai ko na ƙiftawar ido. Kin ji?"

"To, Baba."

Wurin da babu cunkoso da Auta ta sani shi ne filin makarantarsu. Can suka fara zagaye a ƙafa, Kaka na dafe da kafaɗarta. Ana cikin haka wata rana Kaka ta tsaya tana kallon wata mata mai jiki da Dogo ke koya wa, tana ta kashe mota tana tayarwa.

"Wannan ai ba ta da hannu," in ji Kaka. "Ƙafarta ma nauyi gare ta. Da a keken ɗinki ne da ta karya allura goma."

"Kaka, ai da wuya."

"Wuyar me? Shekara nawa na yi a gefen kakanku ina nuna masa hanya yana ɓata? Na ce ya koya min, ya ce ƙafata ba za ta kai ba. Ya tafi da bakinsa, Allah ya jiƙansa." Ta juyo ta ƙare wa Auta kallo. "Ke ƙafarki ta kai?"

"Da matashi nake zama."

"To, ni ma ina da matashi."

Auta ba ta ɗora ta a sitiyari nan take ba, kuma wannan ne mutane ba su sani ba game da ita. Tana da tsokana amma ba ta da ganganci. Sai da ta kai Kaka aka auna idonta, sai da ta koma wurin likitan ƙugun ta tambaye shi a gaban Kaka, ya yi dariya ya ce ba abin da zai hana, sai da Oga ya yarda, sannan ta ɗora ta a kujera, da matashi biyu a ƙasa, ɗaya a baya.

Ni ban san komai ba sai wata rana da na shiga ɗakin Kaka ban yi sallama da ƙarfi ba. Na same ta zaune a bakin gado riƙe da murfin tukunya da hannu biyu, ta jera silifa uku a ƙasa tana taka su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Kuloci, giya, a hankali, a hankali." Tana ganina ta mayar da murfin mafici ta hau fifita.

Na tare Auta a tsakar gida na ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Motsa ƙafa aka ce."

"Yaya, kin taɓa taka kulocin motar nan? Ba motsa ƙafar da ya kai shi."

"In Baba Babba ya ji fa?"

"Ban ce ki ɓoye ba. Duk wanda ya tambaye ki, ki faɗa masa gaskiya."

Ba wanda ya tambaye ni. Abin da gidan ya lura da shi kawai shi ne Kaka ta fara cin abincin nan marar gishiri tana neman ƙari, kuma ran fita tun da sassafe take shiryawa har da fesa turare. Baba Babba ya ce ai shi ya san motsa jiki magani ne, shi ya sa ya dage.

A cikin mota abubuwa juyewa suke yi. A waje Auta ce ke durƙusa wa Kaka. Da an rufe ƙofa Kaka ke ce mata "Malama", kuma ba ta yarda a kira ta Kaka, sai ɗaliba. Babbar matsalarta gaisuwa ce. Ba ta iya wuce mutum ba ta ɗaga masa hannu ba, in babba ne kuwa hannu biyu, sitiyari ya ji da kansa. Sai da Auta ta yi da gaske kafin ta yarda cewa jinjina kai ma gaisuwa ce. Ribas kuma ta tsane shi. Ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sa mutum ya bar gabansa ya kama bayansa ba.

Da suka fara hawa titi Kaka ta ce tana son fasinja, don ta saba da surutu a baya. Haka na tsinci kaina a kujerar baya wata safiya, ina karanta duk addu'ar da na iya. Muka bi wani siririn titi mai hawa a bayan shagunan masu fenti, mota ɗaya yake ɗauka saboda an jibge yashi a gefe. Muna tsakiyar hawan motar ta yi tari ta mutu. Kaka ta tayar, ta sake mutuwa. Sai hon daga bayanmu, irin wanda ake dannawa ba a sakewa.

Na waiga. Na san motar, na san hular.

"Auta," na ce, "Baba Babba ne."

Auta ta dubi madubi, ta ce, "Ɗaliba, kada ki kula da na baya. Birkin hannu tukuna."

Baba Babba bai san motar makarantar ba, bai taɓa zuwa wurin ba, ga rana tana dukan gilashi. Abin da ya hango daga baya jar alama ce da wani ɗan kai da ƙyar ya leƙo saman kujera. Ya fito ya bugo ƙofarsa, ya taho yana faɗa tun daga nesa, masu shaguna suka firfito kallo. Ya iso ya daki rufin motar da tafin hannu.

"Kai! Wa ya ba ka mota? Mutane na da abin yi! Titin nan na uwarka ne?"

Kaka ta sauke gilashi a hankali, ta gyara tabarau, ta dube shi daga hula har takalmi.

"Yau dai na uwarka ne," in ji ta.

Ban taɓa ganin mutum ya tsufa ya kuma koma yaro a lokaci ɗaya ba sai ranar. Gwiwoyinsa suka yanke wa kansu hukunci, sai ga shi tsugune a kan kwalta, da babbar riga da komai.

"Inna... ina kwana?"

"Lafiya lau. Haka kake yi wa mutane a hanya?"

"A'a, Inna, ai ban..."

"Tashi ka koma motarka, kana tare wa jama'a hanya."

Ta taka kuloci, ta tayar da motar, ta saka giya, ta saki birkin hannu, motar ta haye tudun sumul kamar ba ita ce ta mutu sau biyu ba. Masu fenti suka sa tafi. Har muka sha kwana ina hango shi tsaye a tsakiyar titi, na bayansa suna danna masa hon.

Da la'asar aka tara mu a falonsa. Kaka a kan doguwar kujera, Baba da Baba Babba a gefe, Mama da matar Baba Babba a bakin ƙofa, ni da Auta a ƙasa. Na zaci tsawa zai yi. Ya fara da tsawar, ya ce an mayar da shi abin dariya, ya ce har wani mai fenti ya bugo masa waya yana tambayar lafiyar gwiwa. Amma can muryarsa ta sauka.

"Ni na ɗauke ta daga ƙasan banɗakin nan," ya ce wa Auta. "Ke ba ki gani ba. Na kira ta sau uku ba ta amsa ba. Kin san abin da na ji? Sannan ki ɗora min ita a titi, cikin manyan motoci?"

Auta ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Ban sani ba, Baba. Da na zo na same ka tun farko. Wannan laifina ne, ka yafe min."

"To, daga yau an daina."

Duk muka jira "to" ɗin nan da muka saba ji. Ba ta zo ba.

"Baba, in na ce to, ƙarya zan yi maka, kuma ban taɓa yi maka ba. Ba ni na shiga makaranta ba. Ga ɗalibar nan zaune. Tun da aka fara maganar nan ba wanda ya tambaye ta."

Baba ya yi gyaran murya ya kalli silin. Baba Babba ya juya a hankali, kamar wuyansa ya ƙage.

"Inna, me kika ce?"

"Au, ana ganina ashe?" in ji Kaka. Ta gyara zama. "Na ji tsoronka, kuma Allah ya yi maka albarka, ɗa na gari ke tsoro. Amma faɗuwa ɗaya na yi. Kai sau nawa ka faɗi kana koyon tafiya? Na ɗaure ka a gado? Ku dawo min da kekena daga sito. Mota kuma zan ci gaba." Sai ta nuna Auta da baki. "Amma ba da wannan ba."

Auta ta zaro ido. "Kaka?"

"Ke ma tasu ce, murmushi kawai kika fi su. Tun da muka hau titi ban taɓa tsayar da motar nan da kaina ba. Kafin in kai ƙafa kin taka naki birkin. Kina tsammani ban sani ba? In ce na tsaya da kyau, ki ce madalla ɗaliba. Ni za a yi wa wayon yara? Dogon nan nake so. Shi ba jikana ba ne, ba ruwansa in na mutu."

Baba Babba, da aka tara mu don ya yi hukunci, shi ya fara fashewa da dariya.

Auta ba ta yi dariya ba. Muna komawa gida ta shige kicin ta kama wanke tukwanen da aka riga aka wanke. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa.

"Ni ce fa na tsaya mata," in ji ta, ba ta juyo ba. "A gaban kowa ta kore ni."

"Kina taka birkin?"

Ta ci gaba da dirzar gindin tukunya. "Kaɗan."

"Sauran ɗalibanki fa?"

"Su ai ba kakannina ba ne." Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta ajiye soson, ta dafa bakin famfo, ta ce, "Kai. Ashe haka Baba Babba yake ji."

Washegari da kanta ta je ta gaya wa Oga a mayar da ɗalibar hannun Dogo. Ta ba Dogo matasan kai uku, ta fara yi masa bayanin yadda ake jera su, Kaka ta ce ta bar shi, yana da ido.

Ranar darasin farko da Dogo, Auta ta kasa zama a ofis. Ta zagaya bayan shagon mai hoto inda ake hango filin ta wani tsagin katanga. Ta tarar wani ya riga ta. Baba Babba ne, ya cire hula ya manna ido a tsagin. Suka dubi juna. Ya ɗan matsa ya ba ta wuri. Suna kallo Kaka ta nufi wata ganga gadan-gadan, Dogo ya harɗe hannu a ƙirji kamar yana jiran shayi. Baba Babba ya damƙe hannun Auta. Auta tana taka ƙasa da ƙafar dama. Gangar ta yi ƙara ta gangara, su biyun suka zagayo da gudu, ɗaya ba hula, ɗaya ba takalmi ɗaya.

Kaka ta leƙo ta taga. "Wa ya kira ku?"

Dogo, wanda ba a cika jin muryarsa ba, ya ce, "Ta taka birki. Ta makara ne kawai. Gobe ba za ta makara ba."

Daga ranar tsagin katangar ya zama wurin haɗuwar Auta da Baba Babba. Shi yake zuwa da lemon kwalba biyu. A nan ta ji labarin yadda ya fara sana'a da baro ɗaya, a nan shi kuma ya fara tambayarta ra'ayinta a kan abubuwa, har da rigimarsa da babban ɗansa da ke son barin shagon ya koma gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ban san me ta ce masa ba. Na dai san yaron yana gyaran na'urarsa yanzu, kuma uban ne ke nema masa kwastomomi.

Kaka ta faɗi gwajin lasisi na farko a kan ribas. Ta faɗi na biyu saboda ta tsaya a tsakiyar shataletale ta ba wani tsoho mai keke hanya, ta ce ya girme ta. A na uku ta ci. Baba Babba ya saya mata 'yar ƙaramar mota, ya so ya haɗa ta da direba "don ko da wani abu", ta ce in direban na son zama a baya bismillah. Tafiyarta ba ta da yawa. Gidan ƙawarta, shagon masu zare da maɓalli, sai gidanmu, duk da safe, duk a hankali, har masu keke na wuce ta suna gaishe ta. Ƙawayenta kuwa suka yi wa makarantar tsinke. Oga ya sayi kujeru masu taushi ya sake allon alamomi, Auta ta koma ba ta da sararin cin abincin rana. Baba ya fara gaya wa baƙi, bayan sun gama kallon takardar bango, cewa ai yarinyar tana da ɗalibai har da matar wani alƙali.

Kaka ta yi wajen shekara biyu tana tuƙi. Sai wata rana ta shigo gidanmu da motar, ta faka ta a karkace kamar kullum, ta sa aka kira kowa tsakar gida, har Baba Babba aka buga wa waya ya zo da matarsa. Ta ce jiya ta ga mutum biyu a bakin titi, da ta matso ashe mutum ɗaya ne. Ta ce ba ta jira likita ya faɗa mata ba, kuma ba ta jira wani ya zauna a kanta ba.

"Ni na ɗauka, ni na ajiye," in ji ta, ta ɗaga makullin.

Auta ta share ido ta matso, ta riga ta miƙa hannu biyu. Duk mun ɗauka ita za a ba. Kaka ta zagaye ta, ta wuce ni, ta wuce 'ya'yanta, ta saka makullin a tafin Mama.

Baba ya yi dariya. "Inna, ai wannan ko keke ba ta taɓa hawa ba. Sai dai ta rataye shi a wuya."

Mama ta karɓa. Ta goge hannu a zani, ta shiga motar, ta ja kujera gaba, ta gyara madubi. Ƙofar gidanmu ƙunci gare ta, Baba kansa ya sha goge fenti a jikinta. Mama ta tayar, ta waiga, ta fitar da motar da baya tsaf ba ta taɓa komai ba, ta juya ta a layi, ta dawo da ita ta faka daidai jikin bango.

Baba ya nemi kujera ya zauna. Baba Babba ya juya ya dubi matarsa da wani irin ido, ita kuma ta kama gyaran ɗankwali.

Auta ce ta fi kowa shan mamaki. "Mama! Yaushe? Wa ya koya miki?"

"Oganku."

"Oga? A makarantarmu? Ina ina?"

"Kina titi da ɗalibanki. Ai na san lokutan fitarki, ni nake dafa miki abin kari."

"Amma kullum cewa kike za ki kasuwa!"

"Ina zuwa kasuwar," in ji Mama. "Kin taɓa ganin na dawo ba cefane?"

Auta ta dubi Mama, ta dubi Kaka da ke ta gyara tabarau kamar ba ta san zancen ba, sai ta sulale ta zauna a ƙasa daɓas tana dariya har da riƙe ciki. Mama ta leƙo ta taga ta ce wa Baba in yana son a sauke shi a wurin aski ya yi sauri, ita fita za ta yi.